Alwala a Gindin Inabi

Gidanmu na unguwar Karantina a Jidda babu shi yanzu. Wurin ya zama fili fetal, ko bakin lungunmu ba a ganewa, ni ma na daina roƙon masu tasi su bi da ni ta wajen. Ɗakunan ba su da abin tunawa, bulo ne da kwano da fanka mai ƙara. Abin da nake gani idan na rufe ido shi ne kurangar inabin da ta rufe rabin tsakar gida, da iyayena a ƙarƙashinta suna musu. Lokacin da aka shafa wa bangonmu jan fenti aka ce mu tashi za a rushe unguwar, na ɗauko wuƙa zan yanki reshe mu tafi da shi. Baba ya ce in mayar da wuƙar inda na ɗauko ta. Kurangar ta tafi tare da gidan.

Abu ɗaya Baba ya nema a wurin Umma duk tsawon zamansu a gidan nan. So yake ta sa ƙwayar inabinsa a baki, wadda ta nuna yadda ya kamata, ta tauna, ta ce masa ya yi gaskiya. Wanda bai san shi ba zai ce wannan ai ba abin nema ba ne. Amma Baba mutum ne da bai mallaki komai ba a ƙasar da aka haife shi. Kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba, shi kuma ya tashi da iƙama, takardar zaman baƙo, a aljihu, yana sabunta ta a hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kamar wanda ya sauka jiya. A Jidda dako ya yi, ya yi gadi, ayyukan da ba a tambayar mai yin su ra'ayinsa. Inabi kaɗai ya sani fiye da kowa a unguwarmu, kuma matarsa ba ta taɓa yarda ya sani ba.

A gonakin Ɗa'ifa ya koya yana saurayi, a kan duwatsun nan masu sanyi. Mai kula da gonar wani injiniya ne daga ƙasar Sham, ba Musulmi ba, wanda a can garinsu ya yi aiki a lambunan da ake matse inabi a yi jar giya. Shi ya gaya wa Baba cewa kyan jar giya ba a wurin mai matsa yake ba, a hannun mai ban ruwa yake, kuma wanda ya cika wa itace ciki a lokacin da bai dace ba ya gama ɓata kayan tun suna rataye. Baba ya ce da ya ji haka sai ya nemi tsari da Allah, sannan ya matso kusa don ya ji sauran. Mu dai ba ruwanmu da giya, in ji shi, amma baƙin inabi ɗaya ne ko ina za a kai shi. Da aka sayar da gonar ya sauko Jidda ya yi aure, ya zo da reshe ɗaya a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Kowa ya ce inabi ba zai yi a zafin Jidda da gishirin ƙasarta ba. Ya haƙa rami, ya cika shi da ƙasar da ya roƙo wurin masu motar kayan lambu, reshen ya kama.

Ƙa'idar na haddace ta tun ina ƙarama, don ba ranar da ba ya maimaita ta. Idan aka yi wa kuranga aski lokacin sanyi, a ba ta ruwa ta ƙoshi, ta fitar da ganye da fure. Idan 'ya'ya suka ɗauru sai a fara janye hannu don kada su kumbura. Ƙwaya ƙarama ake so, mai kaurin fata, saboda launi da ɗanɗano a fata suke, cikin kuwa ruwa ne kawai. Idan suka fara juyawa daga kore zuwa ja, nan aikin yake. Ba a barin ta ta mutu, ba a kuma barin ta ta ƙoshi. Ɗan kaɗan da asuba, daidai abin da zai riƙe ganye kada ya zube. Da rana ganyen zai yi laushi ya sunkuya, har mai tausayi ya ce an zalunce ta, amma da safe zai miƙe. Itacen da ya ji ƙishirwa yakan daina yaɗo, ya tattara ƙarfinsa ya zuba a 'ya'ya. Abin da ya fi komai muni shi ne a bar ta ta sha ƙishirwa sannan a kwarara mata ruwa lokaci guda. Saiwa za ta zuƙa da zari, fatar da ta riga ta yi tauri ba za ta buɗe ba, sai ƙwayoyin su tsage.

Umma takan saurara tana tsintar shinkafa. Idan ya kai aya sai ta ce, "Ka gama, Malam? To ni dai ba za a tsayar da ni gobe ƙiyama a tambaye ni abin da na bari da ƙishirwa a gidana ba."

Umma ba ta iya ganin abu da ƙishirwa. Akwai kwano a ƙofar gida don kuliyoyin lungu, akwai murfin tukunya a kan katanga don tattabaru, kuma duk mai shara ko mai gyaran wuta da ya wuce sai an miƙa masa ruwan sanyi. Ruwan nan fa saye muke yi, motar tanki ce take cika mana ganga. Shi ya sa matan unguwarmu ba sa zubar da ruwan alwala a kwata. Ruwa ne da aka ambaci sunan Allah a kansa, kuma ba a banza aka same shi ba. Kowace mace tana da abin da take alwala a gindinsa, wata lalle, wata na'ana'a a gwangwani, wata ɗan itacen lemo. Umma ta ga kuranga a tsakar gidanta, sai ta mirgino wani faffaɗan dutse ta ajiye a gindinta. Nan take tsugunawa kowace salla, har da ta nafila, ita kuwa mace ce mai yawan nafila. In ta gama, sauran ruwan butar ma sai ta juye, wai kada a ce ta yi rowa.

Ba a ɓoye take yi ba. Baba ya ɗauke dutsen, ta mayar. Ya kewaye gindin da waya, ta riƙa miƙa buta ta sama. Ya taɓa gina mata wurin alwala na siminti a ɗaya kusurwar, har da ɗan magudanar ruwa, ta gode masa ƙwarai da gaske, ta mai da wurin na wanke-wanke.

Saboda haka duk shekara abin da ake samu ɗaya ne. Ƙwayoyi manya-manya, ja-ja ba baƙi ba, wasu a tsage, in ka tauna ruwa ya cika maka baki ba ka san me ka ci ba. Maƙwabta in an kai musu sukan ce ma sha Allah, inabi a Karantina, wannan kuwa ba yabon ɗanɗano ba ne, kuma Baba ya sani. Umma takan tsinki ɗaya, ta tauna a hankali tana kallonsa.

"Wannan ne inabin Ɗa'ifan da aka ishe mu da labarinsa?"

"Ke kika mai da shi haka."

"Ni da na taimake shi? Ma'alesh, yi haƙuri, Malam, wataƙila a can ma haka yake, yunwa ce ta sa ka ji zaƙi."

Sai ya ɗauki hularsa ya fita. Muna yara dariya muke yi, kuma bayan Umma muke bi, don ita ta fi iya magana. Sai da aurena ya mutu na dawo gidan da girmana, na ga yadda yake tsayawa gindin kurangar yana taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa da yatsan ƙafa, sannan na gane abin yana cin sa da gaske. Na ji haushinsu su biyun. Na ce wa Umma ta bar masa shekara ɗaya mana, me zai ragu a jikinta? Ta ce in yi ta kaina, tun ba a yaye ni ba suke wannan.

Sannan ƙafafunta suka fara kumbura. Muka ɗauka tsufa ne, muka yi ta jiƙe-jiƙe, har ranar da numfashi ya gagare ta. A asibiti aka ce ƙodarta duka biyu sun tsaya, sai wankin ƙoda. Wahalar da muka sha kafin a karɓe ta ba zan kawo ta nan ba, duk wanda ya taɓa kai mara lafiya da takardar zama da ta mutu ya san ta. Yayana, wanda ke aikin walda a Khumra, shi ya yi ta zirga-zirga har wata cibiyar masu taimako ta sa ta a layi. Abin da ya fi wankin ciwo shi ne dokar da likita ya kafa. Ba za ta sha ruwa ba sai ɗan abin da aka auna mata, saboda jikinta ba ya fitar da shi, duk abin da ta sha a ƙirji yake taruwa.

Ni aka ba aikin aunawa, kuma ban taɓa yin aikin da na tsana kamarsa ba. Ga zafin Jidda ya fara shigowa, ga rufin kwano, ga matar da ta shayar da kuliyoyin unguwa tana bin ɗan kofi da ido. Takan riƙe ƙanƙara a baki har ta narke, ta ƙi haɗiyewa da wuri. Leɓɓanta suka tsattsage. Ba ta taɓa roƙona in ƙara mata ba, wannan ya fi ƙona mini rai, don da ta roƙa da na sami abin yin faɗa a kai.

Wanda ya kasa jurewa Baba ne. Wata rana na dawo daga shanya na tarar da shi a bakin gadonta da moɗa cike, yana ta waige-waige. Na fizge moɗar, na ce masa so yake ya kashe ta? Ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba. Ya tsaya hannu sake, ya ce leɓɓanta ya gani. Umma ta yi 'yar dariya, wadda ta ƙare da tari.

"Ka ji yadda abin yake ko, Malam? Ita kurangar taka ka ce in ta ji ƙishirwa zaƙi take yi. Ni me zan yi?"

Ya fita. Daga ranar duk lokacin da zan ba ta kofinta sai ya bar ɗakin.

Ba ta iya fita tsakar gida kuma. Aka kawo mata ɗan dutse mai santsi tana taimama a kan gado. A shekarar ne, karo na farko, kurangar ta zauna a hannun Baba shi kaɗai. Na zaci Umma za ta aike ni in zuba wa kurangar ruwa. Wata rana da hantsi tana kwance tana kallon ganyen ta ƙofa, sun yi laushi sun sunkuya, na ce a raina yanzu za ta yi magana. Ta daɗe tana kallo.

"Ki bar ta, ya binti, 'yata," ta ce. "Bana kowa ya sha abin da aka auna masa. Mu ga abin da tsohon nan yake ta faɗa."

Na fita na gaya wa Baba. Ranar ya ɗauke dutsen alwalar a hankali ya jingine shi a bayan ganga.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Ranar wanki yana bin ta ya zauna a baranda har a gama, sauran lokaci yana gindin kuranga, yana murza ƙasa, yana duba kan rassa ko sun daina yaɗo. 'Ya'yan suka fito ƙanana, ba su wuce gyaɗa ba, a matse da juna. Na ce masa bana ai ba a samu komai ba, ya ce in jira. Suka fara ja, daga ja suka yi duhu, sannan suka koma baƙi wuluk, da wata farar ƙura-ƙura a fata wadda ban taɓa gani a inabin gidanmu ba. Ya yayyanka tsohon gidan sauro ya ɗaure kowane curi saboda tsuntsaye. Mutumin da matarsa ke kwance rai a hannun Allah, sai ka gan shi da fara'a a gindin itace. Nakan ji kamar in yaɓa masa magana, sai kuma in ga ya leƙa ɗakin ya dawo fuska a yamutse, in haɗiye abina.

Ya kai mata ƙwaya ta farko a tafin hannu. Likita ya ce ta rage 'ya'yan itace, amma ƙwaya ɗaya ba ta kai a yi shawara ba. Ta tauna, ta ɓata fuska.

"Da tsami."

"Na sani. Kawo miki na yi ki ga fatar."

"Na ga fata. Ba fata na ce ka kawo mini ba."

Bayan kwanaki ya sake kawowa. Wannan karon ta daɗe tana juya ta a baki, don a lokacin duk abu mai ɗan ruwa ba ta saurin rabuwa da shi. Ta ce, "Ya fara hankali. Amma da saura, Malam." Ya ce e, da saura, sai kara ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ƙwallon ciki ma ya yi duhu. Wannan ita ce magana mafi daɗi da ta taɓa faɗa a kan inabinsa, ya fita yana maimaita ta shi kaɗai.

Ni kuwa ina ganin abin da ba ya son gani. Kowane wanki sai ta dawo ta fi jiya ƙanƙancewa. Na same shi a gindin kuranga na ce, "Baba, don Allah ka yanko curi guda ka kai mata ta ce ya yi, kowa ya huta. Ba ka ganin yadda take?"

"Ina gani."

"To me kake jira?"

"Uwarki ba ta taɓa yi mini ƙarya don ta faranta mini rai ba. In na kai mata yanzu za ta ce da saura, kuma gaskiyarta ne. In kuwa ta ce ya yi, to ta fara jin tausayina ke nan, ni kuma ba shi nake nema ba." Ya ɗaga kai ya dubi curin da ke samansa. "Kwana kaɗan ne. Khalas, ya kusa."

Ba ta kai ba. Ranar da ba ta wanki ba ce, da azahar, na shiga da kofinta na rana na tarar ta riga ta tafi. Na ajiye kofin a ƙasa, ban san wanda ya ɗauke shi ba.

A wurinmu idan aka yi rasuwa gida rabuwa yake yi. Maza a waje, a kafa rumfa a lungu a jera kujeru. Mata a ciki, su cika ɗakuna da tsakar gida, su cire abaya su zauna. Daga lokacin da mace ta farko ta shigo, maigida ba shi da gida, ko hularsa yake so sai dai ya aika. Kafin a fita da Umma, Baba ya kira ni bakin ƙofa. Ya ce, "Kurangar nan," bai ƙarasa ba. Na ga kunya ta kama shi, mutum zai je binne matarsa yana maganar itace. Ya ce, "Ba komai. Koma ciki." A gidan maƙwabci ya riƙa kwana.

Gwaggo, yayar Baba, ta iso daga Makka da la'asar. Ita ce babba, ita ke ba da umarni. Tana shigowa ta ga ganye a sunkuye, ƙasa a bushe. Ta ce, "La ilaha illallah. Baiwar Allah ta kwanta, an bar abinta ya bushe. Ina dutsen da take alwala?" Wata ta nuno shi a bayan ganga, aka mirgino shi aka mayar inda yake da.

Gwaggo ta fara. Ta yi alwalarta, ta juye sauran butar, ta ce Allah ya kai ladan kabarin marigayiya. Shi ke nan ya zama abin yi. Duk matar da ta zo gaisuwa, da ta Karantina da ta Bani Malik da waɗanda suka zo daga Makka, sai ta tsuguna a kan dutsen nan, ko da da alwalarta ta zo. Kowa ta san Umma da shayarwa, kowa tana so ta yi mata sadakar da ta fi ƙauna. Ruwan da aka ɗauraye kofunan shayi da gahawa nan ake juyewa, ruwan wankin shinkafar sadaka ma nan. Yaya ya sa motar tanki ta sake cika ganga. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, shi ya sa har yau ban san wanda zan ji haushi ba, kuma haushin bai tafi ba.

Na yi magana. Na taso daga cikin masu gaisuwa, idona a kumbure, na ce, "Gwaggo, a daina zuba ruwa a nan, Baba ya hana. 'Ya'yan za su fashe."

 Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ƙasar kabarin uwarki ba ta bushe ba kina maganar 'ya'yan itace? Haram aleki, ya binti. Shi ƙanen nawa, tana da lafiyarta bai iya hana ta ba, sai yanzu zai hana a yi mata sadaka? Koma ki zauna."

Na ce ita Umman ce da bakinta ta ce a bar ta bana. Wata tsohuwa ta ce, Allah sarki, zafin ciwo ne, mai ciwo ba a riƙe maganarsa. Aka kama ni aka mayar da ni ɗaki, ana shafa mini baya ana cewa in yi haƙuri. Na aika wa Yaya saƙo a waya, ya amsa cewa ba zai je gaban mutane ya tayar wa tsoho hankali a kan inabi ba, in kama kaina.

Washegari ganyen suka miƙe suka yi shar, matan suka yi ta nuna wa juna, wai ga shi sadaka ta karɓu. Ni ta ƙofa nake kallon 'ya'yan. Kafin sadakar uku sun fara tsagewa, tun daga wajen kara zuwa ƙasa, ruwansu yana ɗiga ta cikin gidan sauron yana ɓata tabarmi da jan tabo. Ƙudaje suka zo, da rina, da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu tashi a gungu. Baƙin nesa ba su watse ba sai da mako ya zagayo, zafi kuma yana ta ƙaruwa. Abin da ya tsage ya fara ruɓewa a inda yake rataye.

Sai wari ya tashi, mai tsami-tsami, mai hawa kai. Matan suka fara jan mayafi suna rufe hanci. Wata da ta daɗe tana aikatau a gidajen Turawa ta shaƙa, ta ce da ta kusa da ita, a hankali amma na ji, "Wannan warin na san shi. Na sha wanke kofunansa." Magana ta zagaya. Ba wadda ta fito ta ce Baba yana yin wani abu, amma na ga ana kallon kurangar da wutsiyar ido, ana tuna wa juna cewa ai wurin Nasara ya koyi aikin. Gwaggo ta sa aka kunna turaren wuta a kowace kusurwa. Haka aka ƙarasa zaman makokin uwata cikin warin giya da hayaƙin turare, ni ina zaune ina amsa gaisuwa.

Ranar da ta ƙarshensu ta tafi, da hantsi, Baba ya yi sallama a ƙofar gidansa ya shigo. Ya rame, rigar da ke jikinsa ta Yaya ce. Bai kalli ɗakin Umma ba. Ya tsaya gaban kurangar, takalminsa ya nutse a taɓo. Ya dubi dutsen, ya dubi butocin da aka jere, ban buƙaci yi masa bayani ba. Na shirya zai yi faɗa, har ina so ya yi don in taya shi.

"Sun yi mata addu'a da yawa?" ya ce.

Na ce sun yi.

"Alhamdu lillahi. Kawo wuƙa da baho."

Shi yana yanka, ni ina tara baho. Duk curin da ya kwance wa gidan sauro, sai ƙwari su tashi, abin da ke ciki ya zubo a dame. Rina ta harbe shi a hannu, bai ko duba wurin ba. Baho ya cika na kai bola na dawo, ya sake cika. Hannuwanmu suka rine har wuyan hannu. 

Can sama, inda reshe ya haura katanga ya bi rufin kwano, akwai wani ɗan curi da bai ɗaure ba don hannunsa bai kai ba. Ganye ya rufe shi, tsuntsaye ba su gan shi ba. Ban san abin da ya tsare shi daga tsagewa ba, ko nisansa da saiwa ne, ko dai rabo. Ya sa na riƙe masa kujera ya hau, ya sauko da shi a tafin hannu. Karan ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ƙwayoyin baƙi ƙirin, ba wadda ta tsage. Ya daɗe yana juya shi. Har ya fara juyawa wajen ƙofar ɗakin, sannan ya tsaya. Ya tsinki ɗaya ya miƙo mini.

Fatar ta yi ƙas a haƙorina. Zaƙin ba irin na sukari ba ne, mai nauyi ne, da ɗan ɗaci-ɗaci a baya da ke kama harshe, ga wani ƙamshi da ya hau mini har hanci. Na ci inabin Ɗa'ifa na kasuwa, na ci na ƙasashen waje da ake sayarwa a kwali, ban taɓa cin irinsa ba, kuma a tsakar gidanmu ya fito. Kuka ya zo mini, na danne shi don in samu in faɗa.

"Baba, ka yi gaskiya. Wallahi ka yi gaskiya."

Ya gyaɗa kai. Ya zuba mini sauran curin a hannu, bai ɗanɗana ko ɗaya ba, ya sunkuya ya ɗauki bahon.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Amma ba ke na tambaya ba."